Maganin Haƙorin da Teku Ta Kawo

Tun ina yarinya ake ce mini Akenehe mai bin ƙwaƙƙwafi, kuma ban taɓa musu ba. In na ga abu ban gane kansa ba, ko abinci ba ya yi mini daɗi. Shi ya sa ranar da masunta suka jawo wani ƙaton ƙunshi daga bayan duwatsun da suka kewaye tsibirinmu, na bar wanki a baho na riga kowace mace isa filin rabo.

Shekarar da aka kafa mana farantan wutar rana ce. Dama teku ta saba kawo mana abin da ba mu aike ta ba. Ta taɓa kawo katako, ta taɓa kawo jarkokin man girki, wata shekara kuma silifa ta watso mana, kusan duk na ƙafar hagu. Wannan karon raga ce ɗaure da jarkokin roba don kada ta nutse. A cikinta akwai wasu abubuwa masu kama da tubali, an naɗe su da baƙar leda da salatif, kowanne da hoton doki a jiki. Mu da ba mu taɓa ganin doki ba sai a littafin makaranta, hoton ma kaɗai ya ishe mu kallo.

A wurinmu duk abin da ya fito daga teku na kowa ne, kifi ne ko ba kifi ba. Inati muke kiran wannan rabo. Jaririn da aka haifa jiya yana da kasonsa, ni da mijina ya rasu ina da nawa, baƙon da ya kwana ma ba a tsallake shi. Tsoho Lameka ne mai rabo, kuma ba ya tambayar mene ne abu kafin ya raba, tambayarsa ita ce bakuna nawa ne a kowane gida. Ya sa adda ya tsaga tubali ɗaya, sai ga farin abu a dunƙule yana ƙyalli kamar ɓawon kifi.

"Sabulun gari ne," in ji wata. Aka zuba a ruwa, bai yi kumfa ba.

"Fulawa ce ta sha ruwa," in ji wata.

"Fulawar gidanku ce ke warin kananzir?" in ji Lameka. Ya dangwala da yatsa ya ɗora a harshe, ya yamutsa fuska. Can sai ya buɗe ido. "Kai! Jama'a, harshena ya mutu." Ya sake dangwala ya goga a haƙorin da ya daɗe yana hana shi sakat. Muka yi tsit muna kallonsa kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ya taɓa kuncinsa, ya ciji haƙorin, ya yi dariya. "Maganin haƙori ne. Na Turawa, mai kyau."

Maganar ta zauna ke nan. Likitan haƙori sai mu manta da kamanninsa kafin ya sake zuwa, nas ɗinmu kuma ta raka wata mai naƙuda asibitin Apia, babban birnin ƙasar Samoa, babu mai cewa a'a. Lameka ya yayyanka, ya jera a kan ganyen kwakwa, aka kira gida-gida. Mu uku ne a gidanmu: ni, da Inna mahaifiyata, da 'yata Telehia. Inna ta karɓi rabonmu ta sa a gwangwanin biskit ta ɗora a kan rufin kabad.

A makon nan hankalina biyu ne. Telehia ta samu gurbin karatun aikin nas a New Zealand, gwamnati za ta biya, kuma jirgin da zai kai ta Apia ta hau na sama yana hanya. Ita ce duk abin da nake da shi, ita ce kuma ta farko a zuriyarmu da ta kai nan. Na yi kuka a bayan gida, na fito na yi dariya a gaban mutane.

Ranar tafiya duk tsibiri ya sauko bakin ruwa. Matafiyi a wurinmu ba ya tafiya da jakarsa kaɗai. Kowa yana da ɗa ko ƙane a can, kowa zai miƙo ƙunshi: busasshen kifi, tabarma, man kwakwa, an ɗinke an rubuta sunan mai shi. Ba a ƙin karɓa, ba a kuma tambayar me ke ciki. Buɗe ƙunshin wani kuwa, wannan ba a ma kawo shi a rai. Inna ta miƙa wa Telehia nata, na ƙanena Peleni da ke can, ɗinkakke da zaren kwakwa.

"Kaka, wannan ɗinki haka? Ko zinariya kika ɓoye wa ɗan lelenki?" in ji Telehia.

"Rufe mini baki, mai ƙafa kamar sandar tuƙi. Ki kai masa hannu da hannu."

Suka rungume juna suna zagin juna. Ƙaramin kwalekwale ya ɗauke ta ya fita ta tsakanin duwatsu zuwa babban jirgi, na tsaya har hayaƙinsa ya ɓace.

Washegari gidan ya yi mini faɗi, sai na fita yawon da na saba, in ga abin da kowa ya yi da rabonsa. Wani ya cusa nasa a tsagar kwalekwale, wai yana kama katako. Wata ta barbaɗa wa alade a miki. Matar fasto ta ajiye nasu kusa da littafin waƙoƙi, sai ranar buƙata. Amma gidan Lameka na tarar da abin da bai yi mini ba. Tsohon yana zaune yana gumi, idanu a waje, hannu a ƙirji. Matarsa ta ce tun jiya yake gogawa a haƙori, ya share tsakar gida ya share harabar coci, ya yi surutu har muryarsa ta dushe, yanzu kuma zuciyarsa ke bugawa kamar za ta fito. Na ce a raina, wane irin maganin haƙori ne ke sa tsoho shara?

Da na dawo na tarar da Falani a ƙofar gidanmu, da kwalin naman gwangwani a kafaɗa. Falani ɗan maƙwabtanmu ne, ya yi shekaru a Ostireliya aka dawo da shi ba tare da ya gaya wa kowa dalili ba. Mutum ne da ko ƙashin kifi ba ya jefa wa kyanwa.

"Yaya Akenehe, barka da kewa," in ji shi. "Na ce bari in kawo miki ɗan abin miya."

"Falani, lafiyarka kuwa? Ko mutuwa za ka yi?"

"Haba Yaya. Dama cewa na yi, wannan maganin naku, in ba ku amfani da shi, ki ba ni. Haƙorana ne suka dame ni."

"Buɗe bakin in gani."

Ya yi dariya bai buɗe ba. Na ce masa na ji labari a hanya: ya ba gidan su wane jarkar fetur, ya yi wa gidan su wance alkawarin injin kwalekwale. Na ce, "Haƙoranka nawa ne, Falani? Na kifin shak ma ai ba su kai haka ba. Ka gaya mini mene ne abin nan, in ba haka ba yanzu in je gaban dattawa in tambaye ka a can."

Ya ajiye kwalin, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Hodar iblis ce, Yaya. Wadda kike ji a rediyo. Daga can gabas ake ɗauko ta a jiragen ruwa, a bi ta kanmu a kai Ostireliya. In sun hango sojan ruwa sai su jefar, ko su ɗaure a teku wani ya zo ya ɗauka, igiya ta tsinke. Abin da Lameka ya yanka da adda rannan zai gina mana asibiti da tashar jirgi, har da canji. Mu muna nan muna jiran gwamnati ta aiko mana da buhun shinkafa, arziki ya zo har ƙofa muna shafa wa alade."

"To masu shi fa?"

"Masu shi ba sa mantuwa. Shi ya sa gara ya bar tsibirin nan da wuri. Ni na san wanda zan kira."

Jikina ya yi sanyi, amma har lokacin mamaki ne ya fi yawa. Na shiga ɗaki na miƙa hannu kan kabad na sauko da gwangwanin, ba don in ba shi ba, don in sake kallon abin da idon sani. Na buɗe, babu komai a ciki.

Inna tana bayan gida tana saƙar tabarma. Na ce, "Inna, ina maganin nan?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Na aika wa Peleni. Ba kin ji shi a waya yana cewa haƙori ya hana shi aiki, likitan can kuma tsada ba? Mu uku haƙoranmu lafiya lau. Na sa shi a tsakiyar kifin don kada ya jiƙe."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Telehia tana tsakiyar teku da hodar iblis a jakarta, ɓoye a cikin busasshen kifi, an ɗinke da kyau kamar aikin gwanaye. A gabanta akwai kwastan na Apia, bayan su akwai na Auckland a New Zealand da karnukansu. Wa zai yarda cewa kaka ce ta aika wa ɗanta maganin haƙori? Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da aka dawo da kwalekwalen mijina babu shi.

Falani ya biyo ni, ya ji komai. Ya tsuguna kusa da ni.

"Yaya, kwantar da hankalinki. Kada ki gaya wa kowa. Zan yi waya, wani zai tare ta a tashar Apia ya karɓi ƙunshin, shi ke nan. Ba wanda zai sani."

"Wane ne wanin?"

"Ba sai kin san sunansa ba."

"Shi kuma zai san na 'yata. Zai san fuskarta, da makarantar da za ta, da cewa mutanenmu ba sa buɗe ƙunshi." Na miƙe. "Ɗauki naman gwangwaninka, Falani."

Da gudu na je ofishin Hiosefa, ɗan sandanmu, ɗan kawuna ne kuma abokin wasana. Aikinsa buga ƙararrawar addu'ar yamma da kamo aladun da suka tsinke. Na same shi zaune ya zuba wa aljihun teburinsa ido. Ya jawo shi ya nuna mini nasa rabon.

"Tun ranar nake zargi," in ji shi. "An taɓa nuna mana hotonta a kwas. Amma Lameka ya ce magani ne a gaban dattawa, ni wane ne in ce tsoho ya yi kuskure? Na ce bari nas ta dawo."

"Kai dai an yi ragon ɗan sanda. Tashi ka kira jirgi."

Na gaya masa abin da ke cikin jakar Telehia. Ya cire hula ya share gumi.

"Akenehe, ki gane. In na kira a oba-oba, duk jirgin da ke teku zai ji. Dole kyaftin ya sanar da 'yan sandan Samoa, za su jira ta a tasha. In mun yi shiru, wataƙila ta wuce ba a duba ba."

"Wataƙila. In kuma kare ya shinshino?"

Ya mayar da hularsa ka. Na ce, "Gara su ji daga bakinmu kafin su gani da idonsu. Kira."

Aka daɗe ana ƙara da shuu kafin kyaftin ya amsa. Jirgin ya tsaya a tsibirin gaba ya ɗauki mutane, yanzu ya miƙi hanya, sai gobe zai shiga Apia. Hiosefa ya yi masa bayani da muryar aiki, aka je aka kira Telehia. Da na ji muryarta, siririya a cikin ƙarar inji, sai na karɓi oba-obar daga hannun Hiosefa.

"Mama? Kaka ce ba lafiya?"

"Kakarki lafiyarta lau. Ki ɗauko ƙunshin Kawu Peleni, ki farke shi a gaban kyaftin."

"In farke? Mama, na Kawu ne fa. Da sunansa a jiki."

"Na sani. Ki farke."

"Kaka ta ce hannu da hannu. In ta ji na buɗe..."

"Telehia, ni na haife ki. Karɓi wuƙa ki yanke zaren nan."

Cikin ƙarar inji na ji ana farke ƙunshin. Can na ji kyaftin ya yi wata magana da harshen Samoa wadda ba ta coci ba ce. Sai muryar 'yata ta dawo, ta ƙanƙance.

"Mama, maganin haƙori ne kawai. Me ya sa yake kallona haka?"

Bakina ya ɗauko cewa ta jefa shi a teku, amma duniya na saurare, Hiosefa kuma ya girgiza mini kai. Na ce mata ta miƙa wa kyaftin, ta faɗi gaskiya ga duk wanda ya tambaye ta, kada ta ƙara kada ta rage.

A tashar Apia 'yan sanda suka tafi da ita. Mu kuma nan, Hiosefa ya buga ƙararrawa da rana tsaka, dattawa suka zauna, aka yi abin da ba a taɓa yi ba: aka ce kowa ya dawo da rabonsa. Mutane suka zo da shi a kofi, a ganye, a gwangwani, mai kwalekwale ya zo yana ƙwaƙule nasa da ƙusa. Falani ya kawo abin da ya tara, ko dai abin da ya ce shi ne ya tara.

Bayan 'yan kwanaki jirgin sojan ruwa ya tsaya a bayan duwatsu. Mu da muke roƙon a aiko mana likitan haƙori shekara da shekaru, sai ga jami'ai cike da kwalekwale, da kare, da na'urori, duk a rana ɗaya. Na bi su ina kallo, har na tambayi mai karen me yake ba shi ya ci. Shugabarsu wata doguwar mace ce mai haƙuri. Ta tara mu a filin rabo ta ce duk wanda abin ya shiga hannunsa ya miƙe. Kowa ya miƙe, har fasto, har Hiosefa da kakinsa, wata ma ta ɗaga jaririnta sama don shi ma an ba shi kaso. Matar ta dube mu, ta rufe littafinta.

Suka tafi da hodar, suka tafi da Falani don ya amsa tambayoyi game da wayoyin da ya yi. Daga ranar duk kayan da ya fita daga tsibirinmu sai an zazzage shi a Apia. Tabarmi da hulunan da mata ke saƙawa su sayar suka yi ta zama a rumbun kwastan har masu saye suka gaji suka koma wani wuri.

Telehia dai ba a sake ta ba. Shugabar jami'an ta ce ta yarda da mu, amma hukumar Samoa tana da nata tsarin: an sami abu a jakar mutum, an ɓoye shi a cikin kifi, sai wanda ya ɗinke ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban alƙali. Ta ce za a iya ɗaukar maganar Inna a rubuce, sai dai zai ja lokaci.

Inna ta haura tamanin, ba ta taɓa taka babban jirgi ba. Tun ranar oba-oba ba ta saƙa ba, ba ta ci abin kirki ba. Ta ce, "Takarda ba ta ɗinka ƙunshin nan ba. Ni na ɗinka." Na ce zan je a madadinta, ta ce in zauna in kula da aladu. Maza biyu suka ɗaga ta kamar yarinya suka sa a kwalekwale, ta riƙe gefen da hannu biyu, ba ta waiwayo ba.

Nas ɗinmu da ke can ita ta ba ni labarin kotun a waya. Ta ce Inna ta tsaya ta yi wa alƙali bayanin haƙorin Peleni tun daga farko, ta nuna masa yadda ake ɗinkin da hannu, har mai fassara ya kasa riƙe dariya. Alƙalin bai yi dariya ba. Ya sallami Telehia babu laifi a kanta, ya yi wa Inna faɗa a hankali. Amma makaranta ta riga ta buɗe, an ba wata gurbin. Aka ce ta sake nema baɗi.

Tare suka dawo. Na shiga ruwa har gwiwa na tare su. Telehia ta rame, amma tana murmushi, tana riƙe da kakarta. Inna ta kama hannuna ta ce, "Na cinye wa yarinyar nan shekara guda."

"Kaka, ke da kike da tamanin da wani abu, ki ba ni ɗaya daga ciki mana, marowaciya," in ji Telehia.

Mutane suka fashe da dariya, ni ma na yi, zuciyata ta ɗan sauka. Na ce a raina, 'yata ta dawo yadda ta tafi.

Sai Hiosefa ya ratso taro da kakinsa da hularsa, yana washe baki, ya miƙa hannu zai karɓar mata jaka. Shi ya goya ta tana jaririya, shi ya koya mata iyo. Telehia ta ga kakin, murmushin ya ɗauke. Ta saki jakar a ruwa, ta ja da baya, ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannayenta biyu ta miƙa masa kamar mai jiran ankwa.